Inda ganga ta ɓuya a cikin tango

Ɗana, ajiye gudumar nan ka matso kusa. Jiya muna gasa fata a bakin wuta ka tambaye ni: in da gaske kiɗan tango jikan candombe ne, wato kiɗan gangunanmu na baƙar fatar Yurugwai, don me ba a jin ganga a cikinsa? Na kwana da tambayar a raina.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Gangunanmu uku ne. Chico ƙarami, aikinsa ɗaya, riƙe lokaci, ba ya kauce ko da gashi guda. Piano mai ƙaton ciki shi ke ɗauke da nauyin kiɗan. Repique kuma shi ke magana a tsakaninsu. Kakanninmu da aka kawo Montebideyo, babban birnin Yurugwai, a bauta, akasarinsu daga Kongo da Angola, da katakon gangar ajiye kaya suka riƙa haɗa su, shi ya sa har gobe muke jera katako ɗaya bayan ɗaya. A farkon ƙarni na 19, in hukuma za ta hana taron rawar baƙar fata, "tango" take kiransa. Sunan ma a tsakar gidanmu aka fara jin sa.

Amma kada ka je kana cewa mu kaɗai muka haife shi. Matuƙan jirgin ruwa sun zo da kiɗan habanera daga Kyuba, mawaƙan karkara sun zo da jita, aka samu kiɗan milonga, daga baya bandoniyon, wani kayan kiɗa mai kama da akodiyon, ya iso daga Jamus. Ɗakunan rawa na Buyenos Aires, babban birnin Ajantina, ba su da wurin ganga, jita da sarewa da goge suka karɓi aikin.

Sai dai bugun bai tafi ba, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Saurari milonga, ka ƙirga: uku, uku, biyu. Yanzu ɗauki makaɗi ka buga madera, bugun nan namu na jikin katako, ba a fata ba. Ka ji farkonta? Ɗan'uwan bugun milonga ne. Leopoldo Thompson, baƙar fata ɗan Ajantina, da tafin hannu da bakan goge yake dukan babban gogensa, ya mai da shi ganga. Astor Piazzolla ma, shahararren makaɗin bandoniyon, a kan wannan uku-uku-biyun ya ɗora sabon tangonsa.

A 2009 UNESCO ta shigar da candombe da tango cikin gadon duniya a shekara guda. Na yi murna, amma na tuna 3 ga Disamba 1978, ranar da aka kori mutanen Mediomundo, gidan hayan nan na titin Cuareim a Montebideyo, inda na san kiɗan nan yake kwana yake tashi. Abin yana taɓa ni har yau.

Llamadas, jerin gwanon gangunanmu na Fabrairu, ya kusa. Taɓa fatar chicon nan da yatsa, ta yi sanyi. Mai da ita bakin wuta, kana juya ta, kada ta ƙone.