Amsa kan ɗiga ruwan ganye a idon da ke ƙaiƙayi

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce da ya shiga ƙura idonsa ke ja, ga ƙaiƙayi ga hawaye, kuma an turo miki wai bincike ya tabbatar ruwan ganyen kainuwa na maganinsa, ko ki matse ki ɗiga masa? Don Allah kar ki ɗiga.

Ni na yi aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma wannan alajin, wato ƙaiƙayin idon da ƙura ke tayarwa, ni ma tun ina yarinya nake fama da shi. Binciken gaskiya ne an yi a Gana, amma fa a jikin ɓeraye. Yadda ake yi, sai a busar da ganyen a daka a tatso sinadarinsa a tace a auna shi miligiram miligiram, sannan a yi wa ɓerayen allurar furotin ɗin farin ƙwai har jikinsu ya riƙa ɗaukarsa abokin gaba, da an ɗiga musu shi a ido sai ido ya kumbura su hau susa. Daga nan a raba su, wasu a ba su ganyen, wasu maganin asibiti, wasu ba a ba su komai, a kwatanta. Ko ya yi aiki a nan, da sauran tafiya kafin a kai ga idon mutum.

Ni kaina na taɓa wanke ido da jiƙon wani ganye na ji sauƙi na yi ta yabonsa, ashe ruwan ne kawai ya wanke ƙurar, ranar da na gwada ruwan gishirin asibiti sauƙin ɗaya ne, hhh. Abin tsoron shi ne ɗanyen ganye na ɗauke da ƙwayoyin cuta musamman fangas, yaro ya riga ya murje ido da susa, in suka shiga baƙin idon gyambo ake samu, tabonsa kuma na iya tafiya da gani.

Ba raina ganye nake ba fa, shi kansa cromoglicate da ake ɗigawa don wannan ciwon daga sinadarin wani tsiro mai suna khella aka faro shi.

Yanzu ki riƙa ɗora masa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, ki hana shi susa, ki kai shi likitan ido ya duba. Kuma kar ki saya masa ɗigon da ke da steroid (wani sinadarin rage kumburi) da kanki, yana kashe ƙaiƙayin nan take amma in aka daɗe a kansa yana hawar da firesha ɗin ido har gilakoma, ciwon da ke iya makantarwa.