Amsa ga ƙanina mai haddar ƙamus kafin tahowa Ingila

Ƙanina, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce kana shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci domin neman gurbin digiri na biyu a nan Ingila, har ka ɗauki ƙamus kana bin sa shafi-shafi, saboda ka lura cewa kalmomin Turanci da suka fara da haruffa iri ɗaya ma'anarsu kan yi kusa da juna, kuma kana tambaya ko wannan dabara za ta fisshe ka.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Turanci ya ari ɗafa-goshi da yawa daga Latin, kuma suna aiki kamar "ma" ɗinmu da ke nuna wuri a cikin makaranta da masallaci da mahauta. Shi ya sa "ex" yake nuna fita a exit da expel, "re" kuma yake nuna sake abu a renew da resit. Amma ka tuna cewa mage da mangwaro ma da "ma" suka fara, kuma babu wanda ya taɓa shiga cikinsu ya zauna.

Wanda ya fi kayar da mutanenmu shi ne "in", domin mun saba da shi yana kore ma'ana, kamar invalid da ake rubutawa a takardar da ba ta aiki. A zangona na farko malamar da ke duba aikina ta rubuta da jan biro a gefen shafi cewa bayanan da na kawo daga gida invaluable ne. Na kwana ina juyi, ina lissafin kuɗin makarantar da na ɗauka sun tafi a banza, sai da gari ya waye na buɗe ƙamus na ga ashe yabona ta yi, ma'anar kalmar abu mai darajar da ba ta ƙiyastuwa. Haka inflammable da za ka gani a jikin gwangwanin feshi: ba wanda wuta ba ta ci ba ne, mai saurin kamawa da wuta ne.

Sai dangin "de", waɗanda ke maƙwabtaka a ƙamus alhali ba su haɗa komai ba a rayuwar ɗalibi. Deposit kuɗin ajiya ne da mai gida yake riƙewa, wanda dokar 2019 ta hana ya wuce kuɗin hayar mako 5 a galibin gidajen da ɗalibai ke kamawa a Ingila. Dependant iyalinka ne, kuma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na zaman aji ba ya da izinin tahowa da su. Deport kuwa, Allah ya kiyaye, tasa ƙeyar mutum gida ne.

Saboda haka ka rage bin ƙamus a jere, ka ɗauko takardun da za ka sa wa hannu, wato ta gurbin karatu da ta biza da yarjejeniyar haya, ka koyi kowace kalma a cikin jimlarta. Idan takardar jami'a ta zo, ka fara duba ko conditional aka rubuta ko unconditional, domin a nan "un" ya yi aikinsa sosai: ta farko tana nufin da sauran sharaɗi a kanka, galibi makin IELTS ɗin nan da kake nema, wanda jami'o'i da yawa suke sa shi a 6.5. Ka gaishe min da su Inna.