Zomo ya daina ci, an ba shi kafso, ya mutu: amsoshin wasiƙunku

Wani matashi daga Marwa, a arewacin Kamaru, ya rubuto: "Baba, gaskiya ne zomo ba ya shan ruwa? Wanda ya sayar mini ya ce ɗanyen ganye ya ishe shi."

Ba gaskiya ba ne, ɗana. Zomo yana shan ruwa, kuma sosai. Ba ya yin gumi kamar ni da kai, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya shiga wahala. To ina ga Marwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake wuce 40? Ka sayi kasko mai nauyi wanda ba zai iya kifarwa ba, ka sauya ruwan safe da yamma, ka janye kejin daga ƙarƙashin kwano zuwa inuwar dalbejiya.

Wani malam daga Kusuri ya ce cikin zomayensa 10, uku sun mutu a kwana biyu, ɗaya har da jini a hanci. Yana tambaya kuɗi nawa zai sa wa sauran bakwai ɗin don su fita da wuri kafin su ma su tafi.

Malam, wannan ba tambayar da za ka kawo mini ba ce. Kana so in taya ka lissafin yadda za ka kai cuta gidan wani? Mutuwar farat ɗaya da jini a hanci alama ce da ake gani a wata cutar zomaye mai saurin yaɗuwa, wadda ba ta da magani in ta kama. Ka killace su, ka binne matattun da zurfi, kada kowa ya ci, ka sanar da ofishin dabbobi na garinku.

Sai wasiƙar da ta tsaya mini a rai, daga wata baiwar Allah a Garwa:

"Baba, 'yata mai shekara 9 tana da farin zomo da kawunta ya saya mata. Ranar Talata ya ƙi cin komai, ya maƙale a lungu. Na ce ko zafi ne. Ranar Laraba na ga cikinsa ya kumbura, sai na aika aka sayo kafso na amoksisilin wajen mai tebur, na kwance a ruwa na ɗura masa. Daren Alhamis ya fara zawo, kafin asuba ya mutu a hannun yarinyar. Ta daina cin abinci sosai, ni kuma ina jin kamar ni na kashe shi. Me na yi ba daidai ba? In sayo mata wani?"

'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Ki sauke wannan nauyin daga zuciyarki. Abin da kika yi, abin da kusan kowace uwa a unguwarku za ta yi ne, kuma don ki cece shi kika yi. Mai yiwuwa ma tun ranar Laraba ciwon ya riga ya yi nisa. Amma tunda kin tambaya, zan gaya miki gaskiya, don kada a sake.

Cikin zomo ba irin na kyanwa ko kaza ba ne. Ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya bi ta ƙasa. Hanjinsa kuma kamar injin niƙa yake, dole ya yi ta juyawa dare da rana, kuma abin da ke juya shi busasshiyar ciyawa ce da harawa. In aka cika shi da dusa, masara, burodi ko ragowar tuwo, ko ya rasa ruwa, ko haƙoransa suka yi masa ciwo, hanjin sai ya yi sanyi ya tsaya, iska ta taru. Alamar farko a ƙasan keji take. Kashin lafiyayyen zomo ƙwallaye ne busassu masu yawa, girmansu ɗaya. Ranar da kika share kika ga sun ƙanƙance kamar ƙwayar dawa, ko babu su sam, ranar ce ta tashi tsaye. Na taɓa zama gaban irin wannan zomon: ya dunƙule, ya runtse ido, yana cizon haƙora a hankali, na miƙa masa ganyen dankalin Hausa da yake rububi kullum ya kau da kai. Zomon da ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ba a kwana da shi a gida ana jiran gobe.

Yanzu maganar kafso, kuma a nan zan daɗe, domin ita ce ke hana ni barci. A cikin hanjin zomo akwai ƙwayoyin halitta masu amfani, su ne ke narkar masa da ciyawa. Amoksisilin, ampisilin, penisilin da ake ɗurawa ta baki, linkomaisin da eritromaisin duk suna kashe waɗannan masu amfanin, su bar wa mugaye fili, su kuma su zuba guba a hanji. Zawo ya biyo baya, sai mutuwa. Maganin da ya warkar da ɗanki na iya zama ajalin zomonki, ko da na gaske ne daga famasi.

To balle na tebur. Ku dubi inda muke sayen magani, jama'a! A kan tire, a bayan babur, a rumfar kasuwa, yana shan rana tun hantsi har la'asar, rubutun kwalin ya koɗe, ranar lalacewa an kankare ta ko an manna wata. Mai sayarwa bai taɓa ganin dabbar ba, bai san nauyinta ba, amma kafin ka rufe baki ya ce "wannan shi ne daidai". Ciwon kaza, ciwon akuya, ciwon yaro, duk kafso ɗaya. Mu kuma muna murna mun samu da araha. Araha ba ta ado. Za ka ga mutum ya sayi keji mai fenti, ya sayi zomo mai jan ido da tsada don a gani, amma kuɗin babur zuwa wurin likitan dabbobi ya zame masa asara. Kuma ba don babu masana ba. A nan Garwa, a Bokle, akwai LANAVET, ɗakin binciken cututtukan dabbobi na ƙasa. Ma'aikatar kiwo, MINEPIA, tana da ofisoshi da ma'aikata a garuruwanmu. Jami'ar Ngaundere tana yaye likitocin dabbobi. Ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu tun ranar da ka sayi dabba, ba ranar da take shure-shure ba. Idan kuma likita ya rubuta magani, ka saya a shagon maganin dabbobi mai izini, ka karanta kwalin da idonka.

Kafin a kai ga likita, abin da za a iya yi a gida kaɗan ne. A ajiye shi wuri mai natsuwa. In kunnuwansa sun yi sanyi a naɗe shi da tsumma. A ba shi ruwa da sirinji marar allura ta gefen baki, ɗigo-ɗigo, yana zaune a kan ƙafafunsa, ba a rigingine ba. In cikin ya yi tauri kamar ganga, kada a ɗura masa abinci, kada a matsa cikin. Ban da manja, ban da kanwa, ban da jiƙe-jiƙe.

Game da yarinyar, kada a ce mata "don zomo kike kuka?" Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗan tsuntsun ƙanin Anas ɗan Malik ya mutu, ya ga yaron cikin damuwa, da kansa ya tambaye shi labarin tsuntsun yana lallashinsa. Ki zauna da ita, ki bar ta ta ba ki labarin zomonta, ki gaya mata ba laifinta ba ne, kwanansa ne ya ƙare.

Sayen wani kuwa, kada ki yi gaggawa. Ki bari ita ta nema. Kafin nan a ƙone shimfiɗar tsohon kejin, a wanke shi da tafasasshen ruwa, a shanya shi a rana kwanaki, domin ƙwayar cutar zawon ƙananan zomaye tana daɗewa a kashi da danshi. In za ku saya, kada ku ɗauki wanda bai kai wata biyu ba, komai kyansa, waɗannan su ne zawo ya fi kwashewa. Ki ɗaga wutsiya ki duba, wurin ya kasance a bushe tsaf. Ki duba hanci da ido da cikin kunne. Ki tambayi abin da ake ba shi, ki sayo kaɗan daga ciki, ki sauya masa abinci sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda kuma ya miƙo miki zomo yana rataye da kunnuwa, ki wuce gaba.

Ta ƙarshe, wata Hajiya daga Injamena tana tambaya ko ta sayi abincin zomo na buhu da ake shigowa da shi, ko harawa ta isa.

Hajiya, harawar gyaɗa ko ta wake mai ganye, busasshiya, marar fumfuna, tare da busasshiyar ciyawa, su ne tushe, kuma su kasance a gabansa kullum. Na buhu ƙari ne, tafin hannu ɗaya a rana ya isa. Kada ki sayi buhun da aka buɗe ana aunawa a kwano, musamman da damina. Ki sansana kafin ki biya, in kin ji warin ruma ki bar shi. Ƙulin auduga na shanu ne, kada ki cika wa zomo shi. Ciyawar bakin gona kuma a tabbata ba a yi mata feshi ba.