Yaya ya kamata in ɗaure notunan murfin tamostat a tsohuwar mota?

Tambaya: Assalamu alaikum. Motata ta haura shekara ashirin. Na canza mata tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, amma ina tsoron ɗaure notunan murfin: in na sassauta ruwa ya yi yoyo, in na matse su karye. Ina ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron nan naka yana kan hanya, domin ɓarnar da matsewa ke yi a wurin nan ta fi ta sassauci yawa. Sassauci ɗigon ruwa ne, ka ƙara ɗauri ya wuce. Matsewa kuwa tana fasa kunnen murfin, ko ta cinye zaren ramin notin da ke jikin injin, kuma galibi alminiyam ne, ƙarfe mai laushi.

Littafin gyaran motar shi ne alƙali. In babu shi, duba kaurin notin. Mai kaurin milimita 6, wanda sifana lamba 10 ke kamawa, yakan tsaya tsakanin Nm 8 zuwa 12 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Mai milimita 8, na sifana 12 ko 13, wajen Nm 18 zuwa 25. A tsohon alminiyam ni na fi son ka tsaya wajen ƙaramin adadin. Ka nemi ƙaramar sifana mai awon ƙarfin ɗauri, don babbar da ake ɗaure taya da ita ba ta gane ɗan ƙarfi irin wannan. Ka kuma lura da ma'aunin da littafin ya rubuta, domin wasu littattafan na amfani da in-lb ko ft-lb maimakon Nm: in-lb 89 daidai yake da Nm 10, amma wanda ya ɗauke shi a matsayin ft-lb ya ninka ƙarfin sau 12, notin kuma ba zai kai labari ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, ba ƙarfin ɗauri ke hana yoyo ba. Matsin ruwan lagireto bai wuce kusan bar 1 ba. Gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin murfin da injin, da fuska mai santsi, shimfiɗaɗɗiya, su ke tare shi. Kankare ragowar tsohon gaskit tas, ba tare da ka karce ƙarfen ba. Ɗora murfin a kan gilashi: in yana rawa, wani ya taɓa matse shi har ya lanƙwashe, sai a goge shi da sanfefa a kan gilashin, ko a sake wani. Tamostat ɗin ya zauna cikin gurbinsa sosai, sifirin ɗinsa yana fuskantar injin. Murfi yakan fashe idan tamostat ya zame aka ɗaure a kansa.

Wanke ramukan notunan ka busar, domin ruwa ko mai da ya kwanta a rami marar mafita yana iya tsaga ƙarfe idan noti ya danne shi. Notin da tsatsa ta ci, canza shi. In ka shafa wa zaren giris, rage ƙarfin kaɗan, santsi yana sa ɗauri ya zarce awon.

Fara ɗaurewa da yatsu har kowanne ya zauna, sannan ka riƙa bi ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Zuba ruwa, tayar da injin har ya yi zafi, ka bari ya huce sarai kafin ka sake duba notunan, musamman idan gaskit ɗin na takarda ne, domin yakan ɗan lafa. Idan har yanzu yana ɗiga bayan ka kai awon, kada ka ƙara matsewa. Kwance ka duba fuskar da gaskit ɗin.