Kowa Yana Cewa Zanena Kwaikwayo Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni mai zana labari ne cikin hotuna, kuma duk lokacin da na sa aikina a intanet sai wani ya rubuta cewa ya yi kama da manga, wato salon zanen labari na Japan. Ba sa cewa ya yi kyau, ba sa cewa bai yi ba, kamannin kawai suke gani. Abokin aikina da ke rubuta mana labarin shi ma ya faɗa mini haka a gaban mutane, alhali ya san yadda nake raba dare a kan takarda. Na canza alƙalami, na ƙara wa layi kauri, na rage girman idanu, na bar launi na koma tawada zalla, amma maganar ba ta canza ba. Hannaye dai a aljihu nake sa su domin suna ba ni wahala, wannan kuma ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce a ce ba ni da salo, kuma abokina ne zai faɗa a gaban mutane. Shin in daina kallon zanen kowa, ko kuwa in rabu da shi?

Wa alaikumus salam ɗana. Ba zan goyi bayan kowa a tsakaninku ba, kodayake abokinka gaskiya ya faɗa, wurin faɗar ne kawai bai dace ba. Kama da wani ba abin kunya ba ne, domin Osamu Tezuka da kansa, wanda ake kira uban manga, ya tasirantu da zanen Disney na Amurka, har da manyan idanun da kake ƙoƙarin ragewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannayen da ka cusa a aljihu ka wuce. Idanu da gashi ka koye su daga zanen wasu, shi ya sa suke fitowa da kamannin masu su, amma hannu, da yake ka guje shi, har yanzu ba na kowa ba ne a wurinka. Ka ɗora hannunka ɗaya a kan tebur ka zana shi da ɗayan, ka lura cewa babban yatsa gaɓoɓi biyu gare shi, sauran kuwa uku-uku, kuma yatsu ba sa tsayawa a jere idan mutum ya riƙe kofi ko ya nuna wani cikin fushi. Abin da ka zaɓi ka bari da abin da ka zaɓi ka zubar domin hannun ya shiga ƙaramin akwatin zane, daga nan salonka zai fara fitowa.

Ku matasa masu zane kuwa, ku daina neman salo wajen sauya alƙalami ko manhaja, kuna barin abin da ya gagare ku a ɓoye bayan ƙofa. Kai kuma kada ka rabu da abokinka, ka ce ya rubuta muku shafin da mutum biyu ke musafaha, sannan ka zauna ka zana shi.