Me ya sa gundumar Lancaster ta yi suna a noma?

Malam, ka tambayi abin da ya ɗaukaka noman gundumar Lancaster da ke jihar Pensilbaniya a Amurka. Sirrin yana cikin ƙasar kanta. Tana zaune a kan dutsen farar ƙasa, ga albarka, ga ruwan sama wadatacce, har yawancin gonakin ba sa buƙatar ban ruwa. Kogin Susquehanna ne iyakarta ta yamma.

An yanke ta daga gundumar Chester a 1729, amma tun 1710 Kiristoci 'yan ɗarikar Mennonite masu jin Jamusanci suka fara sare daji a wurin, daga baya Amish, wata ɗarikar Kiristoci, suka biyo su. Waɗannan Amish su ne abin kallo a ganina. Har gobe da dawakai da alfadarai da yawansu ke huɗa, ba sa jawo lantarki gida. Suna noman masara da ciyawar shanun madara, suna kiwon kaji, ganyen taba kuwa sai su rataye shi a dogon rumbun katako mai buɗaɗɗun alluna, iska ta busar da shi.

Yanzu dai gine-gine sun tsauwala kuɗin fili, shi ya sa samarinsu da dama suka koma kafinta ko suka yi ƙaura zuwa wasu jihohin.