Ina so in hau Mont Blanc a bana, ƙarfin jikina ya isa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Kano, ina karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa. Abokaina biyu 'yan ajinmu sun shirya hawa Mont Blanc a watan Yuli, sun ce in zo mu tafi tare, wai hanyar Goûter tafiyar ƙafa ce kawai, ba sai gwani ba. Ina buga ƙwallo, ina gudun kilomita 10 ba tare da wata wahala ba. Amma in ban da Dala da tudun Bastille na nan Grenoble, ban taɓa hawa wani dutse ba. In bi su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi su a bana. In ma su ɗin ba su taɓa taka ƙanƙara da igiya a ƙugu ba, ka gaya musu su ma su dakata. Ba na cewa dutsen ya fi ƙarfinka har abada. Matashi mai lafiya irinka zai iya kaiwa ƙololuwarsa, amma ba shi ake fara hawa ba.

Bari mu fara da tsayinsa, domin shi ne dutsen da ya fi kowanne tsayi a tsaunukan Alps na Turai. Awon da aka yi a 2023 ya nuna mita 4,805 da ɗoriya. Jirgin ƙasan da ke ɗaukar masu hawa daga garin Saint-Gervais da ke gindin dutsen yana ajiye su a Nid d'Aigle, mita 2,372. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan inda namu ya ƙare, nan ne za ka ɗaura takalmi ka fara. Daga nan sai masaukin Tête Rousse a mita 3,167, sai masaukin Goûter a 3,835, inda yawanci ake kwana a tashi wajen ƙarfe biyu ko uku na dare.

Tsakanin masaukan nan biyu ne maganar abokanka ta rushe. Akwai wani kwararo mai gangare da ake kira Grand Couloir, dole a ratsa shi. Ratsawar 'yan mintoci ce, amma duwatsu ne ke gangarowa ta cikinsa daga sama, wasu ƙanana, wasu manya ƙwarai, suna tsalle ba ka san inda za su faɗa ba. Kana tsaye a bakinsa da hular kwano, ka kasa kunne, ka ɗaga kai ka duba, sannan ka wuce da sauri ba tare da ka yi tuntuɓe ba. Tsakanin 1990 da 2017 sama da mutum 100 suka rasu a wannan yanki na hanyar, wasu dutse ya buge su, wasu santsi ya kwashe su. Gangarowar duwatsun kuma ƙaruwa take yi, domin ƙanƙarar da ke cikin tsagogin dutsen, wadda ita ke riƙe shi, tana narkewa saboda zafi. A watan Agusta na 2022 har sai da magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya sa aka rufe masaukan biyu na wani lokaci saboda yawan ruftowar duwatsu. Bayan kwararon kuma akwai hawan dutse na kusan mita 600 da sai ka haɗa da hannu. Can sama, bayan mafakar Vallot, akwai siririn doron ƙanƙara mai rami dama da hagu, ana tafiya a kansa da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi. Wanda bai saba da ƙarafan nan ba, haƙorin ƙafa ɗaya kan kama wandon ɗaya ƙafar, kuma in kuna ɗaure a igiya ɗaya ku uku ba mai gwaninta, faɗuwar mutum ɗaya ta ja sauran.

Sai batun iska, wanda shi ne gudun kilomita 10 ba ya magani. A ƙololuwar Mont Blanc, iskar oksijin da kowane numfashi ke shigar maka ba ta fi rabi da kaɗan na abin da kake samu a Grenoble ba. Daga mita 2,500 jiki kan fara ƙorafi: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, kasala, barci ya ƙi zuwa. Ba ruwan wannan ciwo da ƙarfin mutum. Ƙarfafan samari ma sun fi faɗawa, don suna hawa da sauri ba su ba jiki lokacin sabawa ba. In ya tsananta ruwa kan taru a huhu, ka ji mutum yana haki ko a zaune, yana tari. Ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi yana magana ba kan gado. Wannan ba a jira gari ya waye, sauka ake yi nan take. Shi ya sa masu shirin Mont Blanc suke fara kwana biyu ko uku a masaukai masu tsayin kusan mita 3,000, su hau wani dutse mai sauƙi, kafin su tunkare shi.

Akwai abin da abokanka Turawa ba lallai su tuna maka ba, kuma shi na fi so ka riƙe daga amsar nan. Ka san rukunin jininka na sikila? Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, da yawa ba su ma sani ba don ba ya damun su. A wurin da oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya ga ƙishirwa, ƙwayoyin jinin mai AS na iya lanƙwashewa su toshe hanyar jini a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, tare da amai. Likitoci sun sha ganin haka ga masu AS da suka hau tsaunuka. Yawancinsu suna hawa su sauko lafiya, don haka ba hani ba ne, amma ka yi gwajin, ka nuna wa likita sakamakon, ka gaya masa tsayin da kake nufi. Wanda yake SS ko SC kuwa, ni ba zan ba shi shawarar zuwa irin wannan tsayi ba sam.

To me za ka yi da wannan bazarar? Allah ya ajiye ka a wuri mai kyau, duwatsu sun kewaye Grenoble ta ko'ina. Fara da Chamechaude, mita 2,082, sannan Grand Veymont, mita 2,341, sannan Croix de Belledonne, mita 2,926, ka kwana a masaukin kan hanya don ka ga yadda jikinka ke karɓar barci a sama. A nan za ka gane cewa sauka ta fi hawa cin gwiwa, ka koyi tafiya a kan tsakuwa mai zamewa, ka saba da tashi da asuba don ka sauko kafin hadarin la'asar, wanda a tsaunukan Alps yakan zo da tsawa ba sallama. Ka shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa, Club Alpin Français. Suna da rassa a Grenoble, suna koyar da ɗaurin igiya da riƙon gatarin ƙanƙara da yadda ake ciro wanda ya faɗa tsagar ƙanƙara, kuma ta hannunsu za ka yi inshora. Kada ka raina inshorar nan: a Faransa jami'an ceto na gwamnati ba sa karɓar kuɗi, amma a Suwizalan da wasu sassan Italiya jirgi mai saukar ungulu na iya barin ka da bashi mai nauyi. Lambar neman agaji 112 ce.

In hakan ya yi kyau, dutsenka na farko mai mita 4,000 ya zama Gran Paradiso a Italiya, mita 4,061, tare da jagora mai takardar shaida. Mont Blanc sai baɗi, shi ma da jagora. Kamfanin jagorori na Chamonix, wani gari a gindin Mont Blanc, tun 1821 yake wannan aiki, kuma a wannan dutse jagora ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum biyu. Tun 2019 ba a barin mutum ya bi hanyar Goûter sai ya kama gado a masauki, gadajen kuma watanni kafin bazara suke ƙarewa. Ka tambayi abokanka ko sun kama. Amsarsu za ta nuna maka zurfin shirinsu.

Game da kaya, kada ka sa rigar auduga a jikin fata, tana shan gumi ta daskarar da kai. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000, don haka ana gumi a Chamonix ana karkarwa a sama. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Rana a kan dusar ƙanƙara tana ƙona leɓe da hanci, tana kuma iya rufe maka ido na kwana ɗaya ko biyu in ba ka sa tabarau mai duhu sosai ba. Abincin masaukai sau da yawa akwai naman alade a ciki, sai ka sanar da su tun lokacin kama gado, za su yi maka wanda ba nama. Sallah kuma kai matafiyi ne, ka tambayi malaminka hukuncin haɗawa da na taimama kafin ka tashi, don ruwa a masaukin Goûter sayen sa ake yi a kwalba.

Ranar da za ka hau kowane dutse, ku tsayar da lokacin juyawa tun a ƙasa. In lokacin ya cika ba ku kai ba, ko gajimare ya rufe, ko ɗayanku ya fara ciwon kai mai tsanani, ku juyo gaba ɗaya, kada a bar kowa ya sauka shi kaɗai. Ka kuma bar wa wani a gari sunan hanyar da za ku bi da sa'ar da ya kamata ya ji daga gare ku.